Kai ne a hoton nan kuwa?

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, duk matashin da ya mallaki waya ya zama furodusa, darakta, kuma jarumin fim ɗin kan sa. Wakilin mu ya duba irin fim ɗin da su ke nuna wa duniya

A SHEKARAR 2008 an yi wata badaƙala a bikin kamun kifi na Argungu wadda har gobe masunta ba su manta da ita ba. An buga bindiga, dubban mutane su ka ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, can sai ga wani ya fito da wani ƙaton kifi mai nauyin kusan kilo 66. Aka ɗora a sikeli, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna, aka ce shi ne gwarzon shekara. Ba a yi kwanaki ba sai magana ta fasu. Sauran masunta su ka ce su fa ba su yarda ba, domin sun san ruwan su. Da aka bincika sai aka gano ashe kifin ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa, daga wani wuri aka ɗauko shi. Aka ƙwace kambun, labari ya bazu har BBC ta ɗauka.

Abin da na ke so mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, manyan baƙin da ke cikin rumfa da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto duk sun yarda. Waɗanda su ka gano bakin zaren su ne 'yan gida.

Na kawo wannan labari ne saboda a yau kusan kowannen mu ya na da nasa kifin da ya ke ɗagawa sama a Facebook, Instagram ko TikTok. Wani motar da ya jingina da ita ta maƙwabci ce. Wata falon da ta zauna a ciki na otal ne, ta shiga gaida ƙawa ta samu hoto goma. Wani kuma sunan ma da ke saman shafin ba wanda liman ya raɗa masa ba ne. Ba wai ina cewa duk ƙarya ce ba, a'a. Amma tambaya ce da ya kamata mu 'yan kallon fim mu yi wa kan mu, musamman ƙannen mu da ke koyon aikin jarida a manyan makarantu: wannan mutumin da ke cikin wayar, wane ne shi, kuma wa ya ke wa wasan?

Daga 'yan fim mu ka koya

Idan ana maganar canza suna, ai mu masoya finafinan Hausa ba baƙi ba ne. Mutum nawa ne su ka san Rabilu Musa Ɗanlasan in ba ka ce Ibro ba? Har Allah ya yi masa rasuwa a Disambar 2014, sunan wasan ne ya rufe na yanka. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta zama Biba Problem. Rukayya ta zama Dawayya, Sadiya ta zama Gyale, kowacce ta gaji sunan fim ɗin da ya fito da ita. Hadiza Aliyu kuwa sunan ƙasar da aka haife ta ne ya bi ta, ta zama Hadiza Gabon. A baya-bayan nan, tun da 'Izzar So' ya fara fita a YouTube a 2020, mutane da yawa in sun ga Lawan Ahmad sai su ce ga Umar Hashim. Ita kan ta industirin laƙabi aka yi mata, domin a ƙarshen shekarun 1990 ne mujallar Tauraruwa ta Sanusi Shehu Daneji ta fara kiran ta Kannywood, sunan ya zauna.

To amma akwai bambanci guda. Duk waɗannan sunaye jama'a ne su ka raɗa su, bayan mutum ya yi wani aiki an gani. Ba Rabilu ba ne ya tashi da safe ya umarci Kano ta kira shi Ibro, sai da ya ba mutane dariya tukuna. A intanet kuwa kai ne liman, kai ne mai jego, kai ne mai yanka rago. Shi ya sa za ka ga yaron da ko takarar monita bai taɓa ci a aji ba ya na amsa sunan Prince, ko Sarki, ko Jarumi, ya kuma liƙa 'Official' a gaba kamar akwai wani da ke ƙoƙarin kwaikwayon sa. 'Yan mata kuwa da yawa su kan ɓoye sunan mahaifi gaba ɗaya, su sa hoton fure ko na wata jaruma a maimakon fuskar su. Wannan ba don burga su ke yi ba, kuma za mu zo kan dalilin.

Kada manyan mu su ce wai waya ce ta kawo wannan hali. Ku je ku buɗe tsohon albam ɗin gidan ku. Za ku ga baba ya tsaya a situdiyo, ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya riƙe kan tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba, a bayan sa an zana benaye da jirgin sama a jikin labule. Tabarau ɗin ma na mai hoto ne. Kuma tun kafin a san kyamara, ɗan dambe da ɗan kokawa da masunci kowa na da kirarin da ya ke wa kan sa, ya ce shi ne kaza shi ne kaza. Sai dai shi mai kirari a tsakiyar fili ya ke yi, kuma yanzu-yanzu za a gwada a gani. Hoton baba kuwa a cikin akwati ya ke kwana, mutum ashirin ne su ka taɓa ganin sa.

Gaban kyamara da bayan ta

Ɗaliban aikin jarida sun san sunan Erving Goffman, wani masanin zamantakewa haifaffen Kanada, wanda littafin sa kan yadda mutum ke gabatar da kan sa a rayuwar yau da kullum ya yi fice daga 1959. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, zaman duniya kamar wasan kwaikwayo ne: akwai dandamali inda mutum ke nuna halin da ya ke so a gani, akwai kuma bayan labule inda ya ke cire kwalliya ya sake. A aji abin ya kan yi kamar mai wuya, amma duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya gama fahimtar sa. Ka ga jarumi ya gama fitowa a matsayin Alhaji mai kamfani, darakta ya ce 'kat', ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa mai kula da sutura, ya zauna a kan benci ya na jiran a kawo shinkafa da wake. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, domin da shi da mai kallo an yi yarjejeniya cewa wasa ne.

A nan ne shafin intanet ya sha bamban da fim, kuma a gani na nan ne duk matsalar ta ke. Kai da ka ɗora hoton ka san shiri ne: ka ɗauki guda talatin ka zaɓi ɗaya, ka gyara haske, ka yanke inda kwata ta fito. Amma mai kallo ba a yi wannan yarjejeniya da shi ba. Shi a wurin sa rayuwar ka ce ya ke gani. Babu 'kat', babu rubutun ƙarshen fim da zai nuna masa cewa Alhajin nan sunan sa na gaskiya wane. In ya yarda da kai, ka ci bashin da sai ka ci gaba da biya kullum da sabon hoto. In kuma ya gano ka, to ka zama mai kifin 2008.

Tsagen da manhaja ke gogewa

Mu a ƙasar Kabi wannan magana ta na da wani nauyi na daban, domin kakannin mu a fuska su ke ɗauke da katin shaidar su. Bakabe da tsagen sa, Ba'are da nasa, Bagobiri da nasa, haka Zabarmawa da Dakarkari. Tun jariri na kwana bakwai wanzami ke rubuta masa asalin sa da aska, rubutun da ba ya gogewa. A zamanin yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Kabi da Sakkwato da Gwandu, kallo ɗaya ya isa a san daga ina mutum ya fito. Ba zaɓin ka ba ne, ba kuma za ka canza shi ba don ka ƙaura.

Yanzu al'adar ta ja baya ƙwarai, har ma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Amma har yanzu akwai matasa masu ita, musamman waɗanda aka haifa a ƙauyukan fadama. Ku lura da abin da ke faruwa idan irin wannan matashi ya buɗe kyamarar TikTok ko Snapchat. Manhajar da ke gyara fuska ba ta san tarihin Kanta ba. A wurin ta tsage tabo ne, kamar ƙurji, sai ta shafe shi, ta ƙara hasken fata, ta tsuke hanci, ta fito da wani mutum da ko mahaifiyar sa sai ta duba sau biyu. Abin da wanzami ya ce ba ya gogewa, waya ta goge shi cikin daƙiƙa ɗaya.

Ba na goyon bayan a koma tsaga yara, kada a yi mani mummunar fahimta. Abin da ke damu na shi ne ma'aunin kyan da mu ka karɓa ba tare da mun tambayi daga ina ya zo ba. Kuma mu faɗi gaskiya, finafinan mu na da hannu a ciki. Tun zamanin kaset aka saba mana da cewa jaruma fara ce, doguwa, mai dogon hanci kamar 'yar Indiya. Mai tsage kuwa, in ya samu fitowa, yawanci maigadi ne, ko boka, ko ɗan ƙauyen da za a yi wa dariya. Yarinyar da ta tashi ta na kallon wannan shekara goma sha biyar, ka ba ta maɓallin da zai mayar da ita kamar jarumar, me ka ke zaton za ta yi?

'Mi kac ce?'

Bayan fuska sai harshe. A tasha ko a kasuwar Birnin Kebbi za ka ji saurayi na cewa wanga, shina zuwa, kuɗɗi, hwari, gida nai, da yat tahi. Bari ya kunna kyamara, nan take sai ya koma wannan, yana zuwa, kuɗi, fari, gidansa, da ya tafi. Wani ma har da 'yan kalmomin Ingilishi a tsakani irin na jaruman finafinai masu dogon zango. Ka rantse a Fagge aka haife shi.

Dalilin a fili ya ke. Tun daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, Kano ce cibiyar fim, don haka Hausar Kano ce harshen soyayya, harshen masu kuɗi, harshen 'yan boko a allon talbijin. Hausar yamma, wato Sakkwatanci da Kabanci da danginsu, an fi jin ta a bakin ɗan barkwanci. Saboda haka yaron Argungu da ke son a ɗauke shi da muhimmanci sai ya ga dole ya ajiye harshen gidan su a bakin ƙofa, kamar takalmi.

Abin dariyar shi ne, a intanet ɗin kan ta lissafin ba haka ya ke ba. Masu yin Hausar Kano a TikTok sun fi a ƙirga, kuma 'yan Kano sun fi ka iya ta. Abin da ke sa mutum ya tsaya da yatsa a kan bidiyo shi ne ya ji abin da bai saba ji ba. Sannan wa ya ce masu kallo a Kano kaɗai su ke? Daga Sakkwato zuwa Gusau, daga Kamba ka tsallaka Gaya da Doso da Dogonduci a Jamhuriyar Nijar, duk mutane ne da kunnen su ya fi sabawa da irin maganar mu. Kasuwa ce guda, mu na zaune a tsakiyar ta mu na kwaikwayon muryar wasu.

Su wa ke kallo?

Yanzu bari mu koma kan 'yan matan da ke sa hoton fure. A rayuwa ta zahiri, yadda ki ke magana da ƙawar ki daban, yadda ki ke yi a gaban baffan ki daban, kuma ba wanda zai kira wannan munafunci, ladabi ne. A shafin intanet kuwa an tara ƙawar, da baffan, da malamin Islamiyya, da tsohon saurayi, da uwar wanda zai zo neman aure shekara uku nan gaba, duk a ɗaki ɗaya, ke kuma ba ki ganin ko ɗayan su.

Babu wanda ya ɗanɗana wannan a idon duniya kamar Rahama Sadau. A Oktobar 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta daga industiri saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. Wannan ma dai aiki ne, an san wasa ne. A Nuwambar 2020 kuwa ba fim ba ne, hotunan kan ta ta ɗora a shafin ta, sanye da doguwar rigar da bayan ta ke buɗe. Wani can daban ya zo ƙarƙashin hoton ya rubuta kalaman ɓatanci ga addini, wuta ta tashi. Ta goge hotunan, ta nesanta kan ta da kalaman, ta fito a bidiyo cikin kuka ta na ba da haƙuri, amma sai da maganar ta kai ga 'yan sanda. Rahama na da masoya a Legas da ƙasashen waje, ta na da su a Kaduna da Kano, hoto ɗaya ya je wa kowa a lokaci ɗaya, kowa ya auna shi da nasa sikelin. Ko me mutum zai ce game da rigar, ai ba ita ta rubuta abin da ya tada ƙurar ba. Shafin naki ne, amma ba ke ke da iko da abin da za a rubuta a ƙarƙashi ba.

Tsofaffin masu karatu kuma ba su manta da 2007 ba, lokacin da wani bidiyon sirri na wata fitacciyar 'yar wasa, wanda aka ɗauka da waya, ya bazu daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth. Ba sai na kama suna ba, baiwar Allah ta sha abin da ta sha. A sanadiyyar wannan aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka shiga shekarun kame da ɗauri. A lokacin fa ba WhatsApp, ba TikTok, sai ka matso kusa da mutum kafin ka tura masa.

In haka ta faru da taurari masu lauyoyi da magoya baya, ina ga yarinyar da ke aji biyu a kwalejin ilimi? Birnin Kebbi babban birnin jiha ne tun 1991, amma har yau gari ne da in ka faɗi sunan gidan ku za a samu wanda ya san kakan ka. Argungu ma ta fi haka. Binciken aure da a da ake aika tsohuwa unguwa ta yi, yanzu ƙanwar ango ce ke yin rabin sa a kwance a kan katifa. Kuma kowa ya san ba a auna namiji da mace da mudu ɗaya. Saurayi zai yi shekara biyar ya na rawa da shirme a bidiyo, ranar da ya tashi aure a ce ƙuruciya ce. Budurwa kuwa bidiyo ɗaya na daƙiƙa talatin, wanda wataƙila ma a bikin ƙawa wata ta ɗauke ta ba ta sani ba, ya isa a mayar da kayan sa rana. To in ka ga fure a maimakon fuska, kada ka yi saurin cewa ƙauyanci ne.

Masu sanye da fuskar wasu

Akwai kuma waɗanda su ba gyara kan su su ke yi ba, fuskar wani su ke ɗauka ɗungurungum. Rubuta sunan kowane babban jarumi a Facebook ka ga shafuka nawa za su fito. Jaruman sun sha fitowa su na gargaɗin masoya cewa ana amfani da sunan su ana damfara. Salon kusan ɗaya ne: a ce za a sa ka a fim, ka turo kuɗin fom ko na rajista, ko a ja yarinya da hira har ta turo hoton da bai kamata ba, daga nan a fara yi mata barazana. Mu da mu ke nesa da Kano mun fi saurin faɗawa, domin ba mu da wanda za mu tura ofis ya tambaya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ga mai yin sojan gona, amma kafin a kai nan kuɗin sun tafi.

Kada kuma shuɗin makin nan da ke gefen suna ya ruɗe ka. A da shaida ce cewa kamfani ya tantance fitaccen mutum. Daga ƙarshen 2022 Twitter ta fara sayar da shi, a 2023 masu Facebook da Instagram su ka bi sahu. Yanzu ba lallai sai ka yi suna ba, in ka na iya biyan kuɗin wata ka na iya samu.

Kwana huɗu na alfahari

Akwai dai lokaci guda da shafukan matasan Kabi ke komawa Kabi. Bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu bayan dogon zaman gaba, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a Maris 2020. Ku dubi abin da shekara goman nan ta canza. A da, hoton Argungu da duniya ta sani na baƙin masu kyamara ne: dubban kawuna a cikin ruwan laka, an ɗauko su daga nesa, ba mai suna. A 2020 kuwa 'ya'yan masuntan ne da kan su ke riƙe da waya a bakin kogi, su na nuna kifin da ya ci gasar mai kilo 78, su na nuna wasannin kabanci, tseren kwalekwale da kamun agwagwa, su na bayani da harshen gida ba tare da kunya ba. Wanda duk shekara ya ke ɓoye garin su sai ga shi a ƙofar gidan tarihi na Kanta ya na cewa nan ne gidan kakanni na. Da an kwashe rumfuna kuma sai a koma kujerar otal da motar maƙwabci.

Ga ɗalibin da ke neman abin da zai yi firojet a kai, ba sai ya je Amurka neman misali ba. Ya zaɓi shafuka ashirin na matasan garin su, goma maza goma mata, ya bi su na wata uku. Ya duba wane suna su ka sa, na yanka ko na aro. A cikin hotunan, nawa ne za ka iya gane a wane gari aka ɗauka? Da wace Hausa su ke magana a bidiyo, da wacce kuma su ke mayar wa abokai amsa? Nawa ne su ka nuna fuska, nawa su ka ɓoye? Sannan ya je ya zauna da masu shafukan, da izinin su, ya tambaye su wa su ke tunanin ya na kallo a lokacin da su ke danna maɓallin turawa, kuma wa su ke tsoron kada ya gani.